Kasuwa a cikin salula: tambayoyin ƴan kasuwar Damagaram da amsoshinsu

Daga masu rumfa a Kasuwar Dole zuwa matan da ke yin alkaki da turaren wuta a cikin gida, tambayoyin da ake yi kan tallar kaya ta intanet kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Da wanne zan fara: WhatsApp, Facebook ko TikTok?

Da WhatsApp. Masu sayen kayanka na farko mutanen da suka san ka ne, dangi da maƙwabta da tsofaffin abokan ciniki, kuma can suke wuni. Akwai WhatsApp Business da aka fitar a 2018, kyauta ne, yana ba ka damar jera hotunan kaya da farashinsu wuri guda, ka rubuta unguwar da kake da lokacin da kake buɗewa.

Sai dai akwai abin da ke kuɓuce wa mutane da yawa. Sitatus ɗin da ka ɗora, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarka, kai ma ka ajiye tasa. Haka saƙon da ake turawa mutum 256 a lokaci guda: wanda bai ajiye lambarka ba, ba zai same shi ba. Ke nan jarin farko a wannan harka lambobin mutane ne. Duk wanda ya sayi kaya a hannunka, ko na dala ɗari ne, ka roƙe shi ku yi musayar lamba nan take. Ka rubuta lambar a allon rumfa da jikin ledar da kake ƙulla kaya. Wannan aiki ba shi da armashi, amma shi ke kawo ciniki.

To Facebook da TikTok ba su da amfani ke nan?

Suna da shi, aikinsu ne daban: su ke kai ka gaban wanda bai san ka ba. TikTok na nuna bidiyo ga mutanen da ba sa bin ka ma. Ga mai sana'ar hannu wannan babbar dama ce. Damagaram ta yi suna a aikin fata tun kaka da kakanni, kuma ɗan gajeren bidiyon baduku yana yanka, yana ɗinki, har jaka ta fito, ya fi dogon kirari jan hankali. A Facebook ka buɗe shafin sana'a dabam da asusunka, domin asusun mutum ba ya wuce abokai 5,000, shafi kuwa ba shi da wannan iyaka.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne ruɗin yawan masu kallo. Mutum dubu goma su kalli bidiyonka ba ya nufin an saya. Kowane bidiyo ya ƙare da lambarka da sunan garin, don mai son saye ya san inda zai same ka.

Ban iya rubutu sosai ba, balle Faransanci. Zan iya?

Sosai ma. Yawancin cinikin nan da saƙon murya ake yin sa, da Hausa, wani lokaci da Barbarci. Ka ɗauki hoton kayan da hasken rana, da safe ko bayan la'asar, a kan tabarma mai tsabta, ka biyo shi da murya. Abin da ake buƙatar rubutawa farashi ne kawai.

Me ya sa zan sa farashi a fili? Ai abokan gasa za su gani.

Sun riga sun sani, rumfarsu na kusa da taka. Wanda bai sani ba shi ne mai saye, kuma shi kake wahalarwa. A kasuwa ido na ganin ido, sai a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. A waya kuwa, mutum ya ga atamfa ba farashi, sai ya tambaya, ya jira, megarsa na ƙarewa, rezo na ɗaukewa. Da yawa ba sa tambayar ma, kunya suke ji kada a faɗi abin da ya fi ƙarfinsu. Idan kana son barin ƙofar ragi, ka sa farashin ka ce akwai sauƙi ga mai sari.

Kuma ka rubuta shi da sefa, da lambobi. Mu nan da dala muke ƙirga: dala ɗari sefa 500 ce, jikka sefa 1,000. Wanda ke wata ƙasa yana iya jin "ɗari biyar" ya ɗauka sefa 500, alhali kai 2,500 kake nufi. Rigima da yawa daga nan take tashi. Mai saye daga Kano ko Daura kuwa, ku tsayar da canjin naira a ranar biya, don ba ya zama wuri guda.

Ta yaya kuɗi zai iso ni, kaya kuma su isa ga mai su?

Kuɗi ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money, wanda ya fi wa mai saye sauƙi. Ƙa'ida ɗaya ce ba a sassauta ta: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar sa. Sai ka ga kuɗin a asusunka ko ka karɓe su a hannu, sannan kaya su fita.

A cikin gari ɗan kabu-kabu amintacce guda ɗaya ya wadatar. Zuwa Maraɗi, Agadas, Diffa ko Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, motocin kamfanonin sufuri na ɗaukar saƙo. Ka faɗi kuɗin aike tun kafin a biya, ka ɗauki hoton ƙunshin da takardar tasha ka tura wa mai kaya. Alkaki a sa shi cikin roba mai murfi, don kada ya iso a farfashe. Kada a manta da ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya: sau da yawa su ke biya daga can, a kai kayan salla ko na biki gidansu a nan. Irin wannan ciniki amana ce tsantsa, wanda ya riƙe ta sau ɗaya, abokan mutumin ma wurinsa za su zo.

Ni mace ce, a gida nake sana'a. Dole sai na nuna fuskata?

A'a, Hajiya. Kayan ake saye. Hannun da ke haɗa humra ko zana lalle ya isa a bidiyo. Ki ware layi na sana'a dabam da na gida, ki sa lokacin amsa saƙo, duk wanda ya kauce daga maganar ciniki ki toshe shi. Hoton wadda kika yi wa lalle ko ɗinki kuwa, kada ki ɗora sai da izininta.

Ya kamata in biya kuɗin talla a Facebook?

Ba da farko ba. Yana buƙatar katin banki, kuma idan ba ka zaɓi garin da kake so a nuna tallar ba, kuɗin zai tafi wurin waɗanda ba za ka iya kai wa kaya ba. Sai kana amsa saƙo da wuri, kayan kuma na nan a ƙasa, sannan ka gwada da kaɗan. Ka guji masu sayar da mabiya, asusun bogi ne, ba sa sayen ko allura.

An ce ana sace WhatsApp ɗin mutum. Ta yaya?

Wani zai kira ka, ya ce daga kamfani yake ko za a sa ka a wani rukunin tallafi, ya nemi ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo wayarka. Ka ba shi, ya karɓe asusun, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin abokan cinikinka. Waɗannan lambobi ba a ba kowa su. Ka shiga saiti yau ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. Lambobin manyan abokan cinikinka kuma ka kwafe su a littafi, don ranar da salula ta ɓace ko ta lalace.