Mene ne bargon zafi da sanyi?

Duk ƙarshen Disamba, shafukan masu saƙa a Instagram da Facebook kan cika da hotunan wasu dogayen barguna masu ratsi-ratsi, baki da baki shuɗi, tsakiya jajir. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne kawai. Sunan da Turawa suka ba shi yana nufin bargon ma'aunin zafi, mu kuwa mu ce bargon zafi da sanyi. Bargo ne da ake saƙa masa layi ɗaya kullum, da kwarashi ko da tsinken saƙa, har shekara ta zagayo, kuma zafin ranar ne ke zaɓar launin zaren da za a sa. Mai saƙa ba ta da ta cewa a nan. In ranar ta ce ja, to ja ne, ko da jan ya ishe ta.

Abin ya fi yawa a Amurka, Kanada da Ingila, inda ƙanƙara ke sauka a Janairu, rana ta buɗe a Yuli. Galibi 1 ga Janairu ake farawa, amma wasu kan fara daga ranar haihuwar jariri ko ranar aure.

Aikin gaske yana kan takarda, tun ba a ɗauki kwarashi ba. Za a duba yadda zafin garin ya kasance bara, a raba shi gida-gida, kowane gida da launinsa: misali digiri 0 zuwa 4 shuɗi mai duhu, 5 zuwa 9 shuɗi mai haske, a bi ta kore da ruwan ɗorawa har a kai ja. Launi takwas zuwa goma sha biyu ya wadatar. Sannan a tsayar da magana ɗaya: zafin da ya fi yawa a yini za a bi, ko sanyin asuba? Abin da aka zaɓa shi za a riƙe har ƙarshe.

Sai tsawo, inda masu farawa suka fi shan mamaki. Layi 365 ne, 366 a shekara mai tsalle. In kowane layi ya ci santimita ɗaya, bargo ya haura mita uku da rabi, ya fi ƙarfin kowane gado. Shi ya sa gwanaye ke zaɓar siririn zare da gajeriyar saƙa, su fara gwada ɗan ƙyalle mai layi goma su auna. Wasu ma ba sa yin layi, ƙananan murabba'ai suke saƙawa, ɗaya kowace rana, daga baya su harhaɗa. Zaren kuma gara a saye shi da yawa lokaci guda, don rini ba ya zuwa iri ɗaya. Jan da aka saya a Maris zai iya bambanta da na Satumba. Wutsiyoyin zare da ke saura duk inda aka sauya launi kuwa, wadda ta bari suka taru sai Disamba ta san ta ɗebo ruwan dafa kanta.

Akwai waɗanda suka kai abin gaba da ɗaki. A 2017 wasu mazauna garin Anacortes a jihar Washington suka kafa shirin Tempestry, inda ake saƙa siririn ƙyalle na shekara guda da alƙaluman hukumar yanayi ta Amurka, NOAA. Kowa jadawalin launi ɗaya yake bi, saboda in aka jera ƙyallen 1950 kusa da na bana, ido ya ga bambancin da kansa. Ya yi kama da zanen ratsin ɗumamar duniya da Farfesa Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya fitar a 2018, sai dai a nasa kowane ratsi shekara ce guda.

Mai saƙar hulunan jarirai da rigunan sanyi a Kano ko Zinder, in ta kwafi jadawalin Kanada, jan bargo za ta samu daga farko har ƙarshe, don da wuya zafin yini ya sauko ƙasa da 25 a can. Sai ta matse gidajen, digiri biyu-biyu, tsakanin 26 da 42. A ganina ma sanyin asuba ya fi ba da labari, domin shi ne ke faɗuwa kusan 13 lokacin hunturu, ya haura 25 a bazara. Bargonta kuma tsarinsa daban zai fito: janta zai taru a Afrilu da Mayu, sannan Agusta ta kawo sassauci a tsakiya, wurin da na Turawa ya fi ja.