Wa ke biyan kuɗin koya wa direba da makaniki aikin motar gas?

Me ya tayar da maganar yanzu?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, gwamnatin tarayya kuma ta ɓullo da shirin mayar da motocin haya kan iskar gas ta CNG. Bas rana ɗaya ake sayo ta. Hannun da zai gyara ta kuwa sai ya kwashe watanni yana koyo.

Daga ina kuɗin horarwar ke fitowa?

Wani daga kasafin kuɗi, ta hannun hukumomi irin su cibiyar fasahar sufuri ta NITT da aka kafa a Zariya a 1986. Wani daga asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos, wanda tun 1971 yake karɓar gudummawar kamfanoni. Yanzu kashi 1 cikin 100 ne na albashin da suke biya a shekara.

Ai makanikanmu sun iya aiki. Me kuma za a koya musu?

Sun iya ƙwarai. Wanda ya shekara goma a gareji, da jin ƙarar inji yake gane ciwonsa. Sai dai tukunyar CNG matsin da ke cikinta ya kai bar 200 a ma'aunin matsin iska, walda ba ta taɓa ta, kuma tukunyar girki ba ta maye gurbinta. A Oktoban 2024 wata tukunya da aka haɗa da walda ta fashe a gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata. Irin wannan ilimin ba a gadonsa daga maigida, domin shi ma maigidan bai taɓa ganinsa ba.

Kuɗin yana isa gareji?

Nan ne damuwata. Tsarin ITF ya fi dacewa da kamfani mai rajista da takardar albashi, alhali yawancin masu gyaran motocin tasha a ƙarƙashin rumfa suke, da yaransu masu koyo. Ka ce wa irin wannan ya rufe gareji mako biyu ya tafi kwas, wa zai ba shi cefane? Kamata ya yi a haɗa da alawus, a bi ta ƙungiyar makanikai ta NATA, a kuma koyar da Hausa.

Direba fa?

Nasa bai kai haka ba: ya kashe inji ya sauke fasinja kafin a cika tukunya, ya san ranar da za a sake gwada ta, in ya ji warin gas ya tsaya nan take.