Idan na'ura ta yanke maka hukunci, wa za ka kama?

Kwanaki muna majalisa a Tudun Wada ana hirar biranen zamanin nan da ake ta kururutawa, wai kyamara a kowace kwana, fitilar hanya mai ƙirga motoci, kati ɗaya ka hau mota ka biya wuta da ruwa, sai wani ɗan Keke Napep ya katse mu ya ce to malam, ace an kafa irin kyamarar a Kwangila ta karanta lambata ba daidai ba ta aiko min da tara, wa zan kama, ƙarfe? Aka kwashe da dariya, amma fa akwai doka a kan maganar tasa.

Ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ita ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC, a Abuja. A wajen dokar, sunanka da lambar wayarka da hoton fuskarka da zanen yatsanka duk naka ne, wanda ya karɓa amana ya karɓa, dole ya faɗa maka abin da zai yi da su, kuma kar ya kwashi fiye da buƙatarsa.

Sashe na 37 ne ya taɓo ɗan Keken. Ya ce kana da haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke hukuncin da zai taɓa rayuwarka sosai, kamar hana ka bashi ko cire sunanka a neman aiki. Akwai togaciya dai, in ka amince da kanka, ko akwai yarjejeniya tsakaninku, ko wata doka ta ba da dama, to amma ko a hakan ma sai an bar maka ƙofar da mutum mai jini a jika zai duba lamarin, ya saurari bayaninka, ka ƙalubalanci hukuncin. Wato "kwamfuta ce ta nuna haka" ɗin nan da ake sallamar mutane da ita ba amsa ba ce, ni wallahi nan ne dokar ta fi burge ni.

Za ka iya cewa a nuna maka bayananka, a gyara kuskure, ko ka janye amincewarka. In an yi kutse an sace bayanai, awa 72 aka ba masu riƙe da bayanan su sanar da hukumar. Jami'an tsaro kam an sassauta musu wasu sharuɗɗan, nan ɗin sai an sa ido.

Tarar manyan kamfanonin da suka karya dokar tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Fara rubuta musu ƙorafi ka ajiye kwafi, in sun yi kunnen uwar shegu ka kai NDPC, kotu ma a buɗe take.