Yaƙar 'yan ta'adda a ƙasar wasu: me dokar ƙasa da ƙasa ta ce?

Shin ƙasa na da ikon tura soji ƙetare don yaƙar 'yan ta'adda?

Asali haramun ne. Sashe na 2(4) na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ya hana amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Ƙofa uku ce kawai a buɗe: yardar mai ƙasa, izinin Kwamitin Sulhu ƙarƙashin Babi na 7, sai kare kai ƙarƙashin Sashe na 51.

Wacce ta fi ƙarancin rigima?

Yardar mai ƙasa. Da gayyatar gwamnatin Mali Faransa ta shiga a Janairun 2013, kuma da yardar ƙasashen Tafkin Chadi rundunar haɗin gwiwa ke yaƙar Boko Haram. Sai dai wanda ya bayar yana iya karɓe abinsa: Mali ta janye tata, sojin Faransa suka tattara komatsansu a 2022.

To, idan mai ƙasa ya ƙi fa?

Nan ake yinta. Sashe na 51 ya ce sai an kawo wa ƙasa hari da makami, amma bai fayyace ko dole maharin ya zama gwamnati ba. Kotun Duniya ta ICJ, mai shari'a tsakanin ƙasashe, ta fi karkata ga cewa sai an iya jingina harin ga wata gwamnati, kamar yadda ya fito a shari'ar Nikaragwa ta 1986 da ta Kwango da Uganda ta 2005. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuwa, ƙuduri na 1368 na Kwamitin Sulhu ya ambaci haƙƙin kare kai a kan batun ta'addanci.

A 2014 Amurka ta rubuta wa Majalisar cewa ta kai wa IS hari a Siriya ne saboda gwamnatin can "ba ta so ko ba ta iya" murƙushe su ba. Ƙasashe irin su Mexico da Brazil sun ƙi wannan hujja. Suna da gaskiya su damu, domin mai kai harin shi ke yanke hukuncin wa ya gaza.

Waɗanne sharuɗɗa ne ke kan mai iƙirarin kare kai?

Ya zama babu wata mafita, martanin kada ya wuce abin da zai dakatar da harin, kuma a sanar da Kwamitin Sulhu nan take. Ramuwar gayya ba kare kai ba ce.

Soji za su iya bin maharan har su tsallaka iyaka?

A teku ana iya bin jirgi har cikin tekun da ba na kowa ba, amma dole a tsaya da zarar ya shiga ruwan ƙasarsa ko na wata ƙasa. A tudu sai da yarjejeniya tsakanin maƙwabtan.