Yawan cin ciniki ba shi ne riba ba a kasuwar canjin kuɗi ta intanet

An daɗe ana cewa duk mai koyar da cinikin kuɗaɗen waje ko hannun jari, idan yana cin ciniki 9 cikin 10, to lallai yana samun riba. Ba abin mamaki ba ne mutane su yarda da haka, domin a ido lissafin yana da kyau.

Sai dai riba tana fitowa ne daga girman abin da aka samu idan an cire girman abin da aka rasa. Wanda ya ci dala 10 sau 9 ya tara dala 90, amma idan ciniki na 10 ya cinye masa dala 100, ya faɗi ke nan, tun ma ba a cire kuɗin dillali ba. Maido da asara kuma ya fi yin ta wuya, domin wanda rabin jarinsa ya tafi sai ya ninka ragowar kafin ya koma inda ya fara.

Kafin ku biya kuɗin koyo, ku nemi cikakken tarihin asusun mai koyarwar na watanni da yawa, ku tabbatar ba asusun gwaji ba ne, wato wanda ake koyon ciniki da shi ba da kuɗin gaske ba, sannan ku haɗa ribar da asarar da kanku.

Don Allah a tura wannan bayani ga 'yan'uwa masu niyyar shiga harkar.