Tallafin Naira 25,000: ta wace ƙofa ake shiga?

Da zarar an ji gwamnatin tarayya za ta raba kuɗi, daga Kurna zuwa Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano tambaya ɗaya ce: ina ake samun fom? Babu fom ɗin da ake sayarwa. Duk wanda ya karɓi ko sisi a hannunka don ya sa sunanka, damfara ce.

Shirin gwamnatin tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi ya faro a 2016 zamanin Buhari: N-Power ga matasa, ciyar da 'yan firamare, rance ga ƙananan 'yan kasuwa (TraderMoni ya shigo a 2018), da Naira 5,000 duk wata ga gidaje masu rauni. A 2023 aka kafa masa hukuma ta doka. A Oktoban shekarar Tinubu ya ƙaddamar da Naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15.

A lura, gida ake lissafawa, ba mutum ba. Sunayen kuma daga kundin rajistar marasa ƙarfi na ƙasa ake ɗauko su. A ƙa'ida, jami'an jiha ne ke zuwa unguwa, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a wurinsu, ya ambaci gidajen da abin ya fi shafa. Sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida: mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya, wane irin rufi, ina ake samun ruwa. Hikimar ita ce maƙwabci ya fi kansila sanin gidan da ba a hura wuta ba yau. A nan kuma aka fi samun son kai, domin zaman da ba a sanar da kowa ba, 'yan gaban goshi ne ke cika shi.

TraderMoni kuwa bashi ne marar ruwa da aka riƙa bayarwa a zamanin Buhari, yana farawa daga Naira 10,000, ko da yake da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati.

Kuɗin bai kai girman matsalar ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, sama da miliyan 10 a jihar Kano kaɗai. Naira 75,000 na wata ukun na toshe kafa ne, ba jari ba.

Yanzu sai an tantance lambar NIN kafin a biya, kuma ta asusu kuɗin ke shigowa. Matar da sunanta na NIN ya saɓa da na banki, gara ta gyara tun kafin a fara biya.