Ba dole sai an tsaga ƙirji ba

Jama'a, har yau a Kano da an ce ƙofar zuciyar tsoho, wato inda jini ke fita daga zuciya zuwa jiki, ta tsuke sai kaji ana cewa a haƙura, ai Baba ba zai iya jure tsaga ƙirji ba. Wannan maganar ta tsufa wallahi. Tun 2002 Dakta Alain Cribier ya fara yin aikin sauya ƙofar ba tare da an tsaga ƙirji ba a Faransa, siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har zuciya, a buɗe sabuwar ƙofa a cikin tsohuwar da ta ƙandare, zuciyar na bugawa, bayan 'yan kwanaki a sallami mutum. Akwai tsada kam, kuma ba kowa ya dace da shi ba. Amma in Baba na haki daga gida zuwa masallaci ko yana suma, a kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a yi hoton zuciya tukuna.